Likkafanin Gwaggo a Hannun Kamfani Biyu

Ka'akiyya, Makka
14 ga Maris, 2016

Zuwa ga Saudat 'yar gwaggona, abokiyar wasana tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Malam Suhaibu da Mubina da ƙannenta. Yaya jikin Gwaggo Iyatu? Kin ce ƙafafun sun ƙara kumbura, abinci ma sai an lallaɓa ta. Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu. Tun da aka rushe layinmu na unguwar Nakkasa na komo nan hawa na huɗu, kullum sai mun yi shari'a da ita a kan matakala, kuma ita ke yin nasara.

Na rubuta da hannu, na ɗauki hoto na turo miki ta waya kamar kullum, tunda kunnen Gwaggo ya daina kama murya a waya. Ki karanta mata rabin farko. Na biyun naki ne.

Gwaggo, aikinki ya kammala. Likkafanin da kika aiko mini ta hannun alhazan bara, na sayi sabon baho na tsoma shi a ruwan Zamzam ranar Juma'a, na shanya a saman bene. Ranar Makka ba ta ɓata lokaci, kafin la'asar ya bushe. Ina shanyawa ina ganin ki zaune a ƙofar ɗaki da mazari da alli kina kaɗa wannan zaren, ni kuma ina sace miki auduga. Na tuna ranar da maigidanki Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, ya sauko da saƙar guda biyu ya ce ɗaya tasa, ɗaya taki. Ya tafi da tasa shekara goma sha ɗaya ke nan. Maƙwabcina Mish'al, wanda kakansa Bahaushe ne amma shi Hausarsa ba ta wuce sannu ba, ya hawo bene ya shafa ƙyallen, ya tambaye ni a wane kanti ake sayar da irinsa. Na ce masa kantin ya rufe.

Yanzu ke, Saude. Na ga hoton tikitin umrar Malam Suhaibu, wanda za mu danƙa wa amanar nan ya kawo gida. Barka da arziki. Kin ce na babban kamfani kuka saya, mai tambarin zinare a wutsiyar jirgi. Gaskiya ne, sunansa ne a sama da manyan haruffa. Amma ni shekarata ashirin da shida ina tsaron kantin littattafai, na saba neman abin da aka rubuta ƙanana don kada a karanta. Ki duba ƙasan layin dawowa. Daga Jidda zuwa garin da ake sauya jirgi, babban ne zai ɗauke shi. Daga can zuwa Kano akwai wani ɗan layi siriri kamar sawun tururuwa, yana cewa wani kamfani dabam ne zai yi tuƙin.

Kin san juye a tasha. Ki biya kuɗin Kano ki shiga mota mai kyau, a kai rabin hanya direba ya tsaya ya ce a sauko, ya miƙa ku ga wata akwala ya juya abinsa. To shi ne wannan, sai dai masu yin sa sun sa kwat. Babban kamfani ba ya son tura ƙaton jirginsa hanyar da fasinja ba za su cika shi ba, sai ya ba ƙarami aikin. Wani lokaci har fenti ɗaya suke shafawa, ma'aikata su sa tufafi iri ɗaya, amma matuƙi nasu ne, masu lodi nasu ne, ma'aunin kaya ma nasu ne. Ban ce zai faɗo ba. Matuƙan sun san aikinsu, galibi ma sun fi na manyan shan wahala da ƙarancin albashi. Abin da na ce shi ne jirgin ƙarami ne, mai farfela, kujerunsa ba su wuce saba'in ba, kuma 'yan umra za a cika shi da su, mutanen da kowannensu ya sayo rabin dabinon Madina. Ga bazara ta shigo, kuma in rana ta ƙwalle jirgi ba ya tashi da nauyin da ya saba. Idan nauyi ya yi yawa ba fasinja ake saukewa ba, akwatuna ake bari a ƙasa. Ko jakar hannu mai taya karɓe ta suke yi a gindin matakala, don ma'ajiyar saman kai ba ta cin ta.

Saboda haka likkafanin nan ba zai shiga akwati ba. Zan sa shi a 'yar jakar rataye da za ta shige ƙarƙashin kujera. Malam Suhaibu ya rungume ta daga Jidda har Kazaure kamar jaririn da aka ba shi reno, in barci ya kama shi ya yi matashi da ita. Za ta yi masa kyau, dama ƙirar mai reno gare shi.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ki ce wa Gwaggo ba na yin ɗawafi ban ambace ta ba.

Naki,
Maharazu

*

Kazaure
19 ga Maris, 2016

Zuwa ga Shehin kantin littattafai, Alhaji Maharazu, wanda ya san komai ban da hanyar gida.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Jikin Inna wata rana da sauƙi, wata rana babu. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, shi ya sa ruwa ke taruwa. Allah ya ba gwiwarka haƙuri da kai.

Na karanta mata rabinta. Ta ce in maimaita wurin Balaraben da ya tambayi kanti. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ka naɗe shi yadda ka same shi a naɗe, kada dutsen guga ya taɓa shi. Yanzu kullum da safe sai ta tambaye ni saura kwana nawa.

Rabina ma na karanta, kuma na gane hannunka. Kai ne ka ce mini, ina 'yar shekara bakwai, in na haɗiye ƙwallon magarya bishiya za ta fito mini ta kunne, na kwana uku da auduga a kunnuwa. Kai ne ranar ɗaurin aurena ka ja Abban Mubina gefe ka ce a gidanmu ango ba ya zama kan tabarma sai an ce masa zauna sau uku, bawan Allah ya tsaya a rana har aka shafa fatiha. Yanzu kuma mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba, wanda mako biyu ke nan yana bin alhazan unguwa yana tambayar ko ana jin girgiza a ciki, shi kake so ya hau sama da likkafani a cinya. Ko na kusa da shi ya gane abin da ke cikin jakar sai ya nemi a tsaya ya sauka.

Duk da haka na je wurin ejan da ya sayar mana da tikitin, don kada ka ce ban tambaya ba. Dariya ya yi. Ya ce duk abu ɗaya ne, uwa ce da 'yarta, kaya kuma tun daga Jidda za a manna musu takardar Kano, babu mai taɓa su a hanya. Mutumin nan kwamfuta biyu gare shi a tebur. Kai me kake da shi ban da tabarau?

Ka nemi wani wasan, wannan bai kama ni ba.

'Yar gwaggonka,
Saudat

*

Ka'akiyya, Makka
11 ga Afrilu, 2016

Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Gwaggo da lafiyar gida. Gwiwa na nan da halinta.

Amsarki ta watan jiya na karanta ta a kanti, na yi dariya ni kaɗai har mai kantin ya leƙo. Na ce Saude ta ji maganar, ramuwa kawai take yi, shi ya sa ban sake takura miki ba.

Malam Suhaibu ya yi umrarsa lafiya, Allah ya karɓa. Da ya fara ganin Ka'aba ya tsaya cak yana hawaye, mutane na ture shi bai sani ba. Ni ma haka na yi shekarar da na zo. Bayan nan ne ya koma mutumin da kika sani. Ya sayi dardumai goma sha biyu, carbi kamar zai buɗe shago, da dabinon da sai da muka hau kan akwatin mu biyu kafin ya rufu.

Ban samu raka shi Jidda ba, mai kanti ya ce lokacin umra ba ya ba kowa hutu. A ƙofar masaukinsu muka yi sallama, motar tawagarsu na jira. Na rataya masa jakar da hannuna. Na maimaita masa duk abin da na rubuta miki, na ƙara da cewa in sun sauka Kano wani abu bai fito ba, kada ya bar filin jirgi sai ƙaramin kamfanin ya ba shi takardar ɓatan kaya mai lamba. Ya ce to. Na lura ya riƙe igiyar jakar da yatsa biyu yana nesanta ta da jikinsa, na ɗauka girmamawa ce.

Yau kwana huɗu da tashinsu. Na kira ki sau uku, na kira shi sau biyu, waya na shiga ba a ɗauka. Na san wutar Kazaure da halinta, amma ba ta kai ta hana mutum cewa mun sauka lafiya ba. Me Gwaggo ta ce da ta gani? Ta duba naɗin? Ki gaya mata sau uku ina warwarewa ina sakewa kafin ya yi kama da nata.

Ina jira.
Maharazu

*

Kazaure
20 ga Afrilu, 2016

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Muna gaisuwa. Jikin Inna ya yi nauyi, ba ta iya kwanciya sosai, a zaune take barci an tokare ta da matasai. Abban Mubina ya sauka lafiya. Babban akwatinsa bai zo ba, kuma likkafanin yana ciki.

Laifina ne, kada ka nemi nasa. Ya kira ni daga filin jirgin Jidda yana raɗa, ya ce ka rataya masa abin nan, gabansa sai faɗuwa yake. Na ce masa ai ka san halin mutumin, labari yake nema wanda zai shekara goma yana ba mutane. Na ce ya buɗe babban akwati ya sa jakar a tsakiyar dardumai ya kulle. Ya yi yadda na ce.

Sauran duk yadda ka rubuta ne, kamar kana wurin. A garin sauyi mota ta kwashe su ta kai su can ƙarshen fili, gaban wani ɗan jirgi mai farfela biyu, fentinsa irin na babban. Ya zauna kusa da taga. Da idonsa ya ga keken kaya ya zo cike, an ɗebi rabi, an juya da rabi. Ya nuna wa ma'aikaciyar jirgin, ta yi murmushi ta ce suna zuwa a na baya.

A Kano mutum wajen talatin ba su ga kayansu ba. Kantar babban kamfani a rufe take, aka ce ba ranar jirginsu ba ce. Mutumin ƙaramin kamfanin shi kaɗai ne a tsakiyar alhazai talatin, ya ce kowa ya dawo Litinin, jirgin sau biyu yake zuwa a mako. Abban Mubina ya tuna maganar takarda, amma direban tawaga na ta danna hon, kowa na fita, shi ma ya fita. Abin da ke hannunsa kawai 'yar takardar lambar akwati da aka manna a bayan fasfo.

Sau uku ke nan yana zuwa Kano. Duk jirgin da ya sauka da nasa lodin yake zuwa, sai a ɗan cusa akwati biyar ko shida na baya, namu ba ya ciki. Ƙaramin kamfani ya ce babban ne ya karɓi kayan a Jidda, lambar ma tasa ce. Ofishin babban a cikin gari ya ce wanda ya sauke fasinja shi ke da alhakin kaya, kuma ina takardar ɓata? Ejan mai kwamfuta biyu ya ce shi tikiti ya sayar, ba akwati ba.

Inna na tambaya kullum. Ina ce mata kayan 'yan umra a jirgin baya suke zuwa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kan wannan.

Ban ɗauki wayarka ba don ban san da wace murya zan gaya maka ba. Ka yafe mini. In da abin da za ka iya daga can, ka yi da sauri.

Saudat

*

Ka'akiyya, Makka
24 ga Afrilu, 2016

Saudat,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gwaggo sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Ni ina nan.

Ba zan yi miki faɗa ba. Na koma na karanta wasiƙata ta farko. Mutumin da ya rubuta maganar likkafani ya rufe ta da ƙirar mai reno bai kamata ya yi mamaki in an ɗauke shi ɗan wasa ba. Shekara arba'in ina koya miki kada ki yarda da ni, kin kuwa iya karatun.

Yau na rufe ido na ce wa mai kanti ba ni da lafiya, na hau motar Jidda. Ofishin babban kamfanin sai ki cire takalmi. Ƙasa marmara, sanyi kamar cikin randa, ga kifaye na yawo a gilashi, ga hoton ƙaton jirgi ya cika bango. Ɗan jirgin mai farfela ban ga hotonsa ko a bayan ƙofa ba. Na karɓi lamba na jira awa ɗaya da rabi, aka kira ni gaban wani saurayi mai gyararren gemu. Na ba shi lambar akwatin. Ya danna, ya ce lambar tasu ce amma jirgin ba nasu ba ne.

Na ce, "Wa ya karɓi kuɗin tikitin?"

Ya ce, "Mu."

"Sunan wa ke kan tikitin, fentin wa ke jikin jirgin?"

"Namu."

"Akwatin fa?"

"Nasu."

Bai ma ji kunya ba, don ba shi ya tsara abin ba, shi ma haddacewa aka ba shi. Da na ƙi tashi sai ya jawo wata takarda ya fara cikewa. Ya tambayi launin akwati, na faɗa. Ya tambayi abin da ke ciki mafi daraja, na ce likkafani. Bai ɗago kai ba ya ce, "Sabo ne ko an yi amfani da shi?" Na tsaya ina kallonsa har ya ɗago. Ya ce ma'alesh ya hajj, wato in yi haƙuri, haka takardar ta tambaya. Sannan ya ce in an kai wasu makonni ba a gani ba za a duba maganar diyya, amma a zo da rasidi. Na ce masa mai rasidin yana maƙabartar Kazaure.

Ina sayar da littattafan tafiyar alhazan dā, waɗanda suka zo nan a ƙafa shekara biyu ko uku. Sun ga yunwa, sun ga 'yan fashi. Amma ayarinsu madugu ɗaya gare shi, in kayanka ya ɓace ka san rigar da za ka riƙe. Waɗannan sun zauna sun tsara aikin ta yadda riba tana da gida ɗaya, laifi kuwa ba shi da adireshi. Sunan da ka saya daban, hannun da ya ɗauke ka daban, kuma sun rubuta maka hakan a tikiti don ranar da ka zo kuka su nuna maka da yatsa. Na fito ina jin kamar in wanke bakina.

A bakin ƙofa wata mata ta biyo ni. Ma'aikaciyarsu ce ta ofishin ciki, sunanta Fatsuma, haifaffiyar Makka. Ta ji na ambaci Kazaure, na ba ta labarin likkafanin. Da Hausa rabi Larabci rabi ta ce kakarta ma da irin wannan saƙar aka binne ta. Ta karɓi lambar ta shiga ta fito. Akwatin bai ɓata ba. Yana ɗakin ajiya a garin sauyi, cikin wasu fiye da ɗari. Ta ce waɗanda aka buɗe wa takardar ɓata su ake fara lodawa, namu kuwa a wurinsu babu wanda ya neme shi. Ta tura musu saƙo a gabana, amma ta ce in sani saƙonta roƙo ne, ba umarni ba, don ba ma'aikatansu ba ne.

Ga abin yi, kuma na rubuta shi ba ado. Gobe Litinin Malam Suhaibu ya je filin jirgi, ba ofishin cikin gari ba. Ya tafi da fasfo da tikiti da 'yar takardar lamba. Ya nemi mutumin ƙaramin kamfanin. Kada ya karɓi dawo Alhamis, kada ya karɓi lambar waya. Ya zauna a gabansa har a buɗe masa takardar ɓatan kaya a ba shi lambarta a rubuce. Ku turo mini ita nan take in kai wa Fatsuma.

Abu na biyu ya fi wuya. Ki gaya wa Gwaggo gaskiya. Zarenta ne, ita ta kaɗa shi. Ki ce mu biyu muka yi, ni da bakina, ke da kunnenki.

Maharazu

*

Kazaure
10 ga Mayu, 2016

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri. Ka ji rasuwar a waya ranar Talatar da ta wuce, amma ranar ba na iya magana, kai ma ba ka iya ba. Jiya aka yi addu'ar bakwai, baƙi sun fara watsewa. Mu lafiya, sai kewa.

Ka san Abban Mubina ya samo takardar. Tun safe ya zauna gaban mutumin har la'asar, da aka ce ya tashi za a share wurin ya ɗaga ƙafafu kawai. Ban san yana da wannan taurin kan ba. Washegari na gaya wa Inna komai, har maganar da na yi masa a waya. Na zaci za ta yi kuka. Sai kawai ta tambaye ni akwatin a rana yake ko a inuwa. Na ce a ɗaki yake. Ta ce to alhamdulillahi.

Kwana biyu kafin ta cika ta kira ni ta ce, "Ki daina leƙen ƙofa. Malam maigidana zai gane ni ko a cikin me na zo." Ta huta, ta ƙara da cewa, "In likkafanin ya iso bayana, naku ne ke da Maharazu, wanda ya riga wani tafiya. Amma ba a ƙara aika shi ko'ina, ya yi yawo ya isa. In Maharazu yana so, ya zo inda yake."

Farin yadi aka sayo a kasuwa. Hajiya Ɗaso maƙwabciyarmu ta kawo ragowar Zamzam ɗinta a kwalba, muka yayyafa. Ni na ɗinka. Yadin santsi gare shi, ba ya kama hannu irin nata.

Jiya, ana tsakiyar rabon waina, aka kira Abban Mubina daga Kano aka ce akwati ya sauka. Ya je ya dawo da shi bayan la'asar. Sai da ya sa hannu a takarda cewa kaya sun iso cikakku. Takardar tambarin zinare ne a samanta, a ƙasa an rubuta suna gode mana da muka zaɓe su. Dabinon ya narke ya ɓata dardumai biyar. Jakarka na tsakiya, babu abin da ya taɓa ta. Na buɗe. Naɗin ya yi daidai, Yaya. Da ta gani da ba ta gyara ba.

Na sa shi a ƙasan adakarta inda ya shekara arba'in. Ni dai ba na gaggawa. Kai ne babba da shekara shida, ga kuma gwiwa.

Saudat

*

Ka'akiyya, Makka
15 ga Mayu, 2016

Saude 'yar gwaggona,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da Baba Tsoho a inda ba a rabuwa. Ya haƙurinku. Na yi mata umra ranar Alhamis. Na kai wa Fatsuma labari, ta yi kuka kamar ta san ta.

Ki gaya wa Malam Suhaibu na janye maganar mai reno. Mutumin da ya zauna tun safe har la'asar ya cancanci tabarma ba sai an ce masa sau uku ba.

Na lissafa, shekara goma sha huɗu rabona da Kazaure. Ban tsaya kan kabarin Baba Tsoho ba, kullum ina cewa baɗi. Mai kanti ya yi ta ƙorafi cewa azumi ya matso, shi ne lokacin ciniki, amma ya sa hannu a takardar fita da dawowa. Na sayi tikitin biyu ga Yuni. Jirgi ɗaya ne daga Jidda zuwa Kano, ba sauyi. Na sa tabarau na karanta ƙananan layukan sau uku, na kuma sa mai sayarwar ya karanta mini da ƙarfi. Ba ni da akwati. Riga biyu ce da maganin gwiwa, a jakar da ba za ta bar kafaɗata ba.

Ba karɓar rabona zan zo yi ba tukuna, kada ki yi murna. Zuwa zan yi in ga inda aka kwantar da ita, in kuma zauna a ƙofar ɗakin nan.

Ki sa a share mini ɗaki. Wannan layin ki karanta shi sau biyu, Saude: da gaske nake.

Naki,
Maharazu